Tambayoyi da amsoshi kan kwatanta faya-fayan Simfoni na Uku na Aaron Copland

Waɗannan tambayoyi suna yawan fitowa daga masu sauraron da suka tara faifai biyu ko uku na wannan kiɗa, suka ji ba su zo ɗaya ba, suna son sanin inda bambancin yake da yadda za su kama shi da kunnensu.

Wane irin kiɗa ne wannan, kuma wa ya rubuta shi?

Aaron Copland ne ya rubuta shi, Ba'amurke haifaffen Brooklyn a birnin New York, wanda ya rayu daga 1900 zuwa 1990. Ya fara aikin a 1944 a garin Tepoztlán na ƙasar Mekziko, ya kammala a 1946, wato ya fara ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ya gama an riga an ajiye makamai. Gidauniyar Koussevitzky ce ta ba shi aikin, kuma ya sadaukar da shi ga marigayiya Natalie, matar Serge Koussevitzky. Shi Koussevitzky ne ya jagoranci ƙungiyar makaɗan Boston suka fara kaɗa shi ran 18 ga Oktoba, 1946.

Simfoni dogon kiɗa ne da yawanci babu waƙa a cikinsa, wanda ake raba shi babi-babi. Wannan yana da babi huɗu, yana ɗaukar minti 40 zuwa 45. Taron makaɗan da yake bukata babba ne: masu goge manya da ƙanana, masu sarewa da obo da kilarinet da basun, ƙaho 4, taramfet 4, turombon 3, tuba, haf 2, fiyano, selesta, ganguna iri-iri, har da uwar maƙera da ake bugawa da guduma a babin ƙarshe. Copland ya faɗa da bakinsa cewa bai ɗauko wata waƙar gargajiya ko ta jaz ya saka a ciki ba.

Tunda rubutun kiɗan ɗaya ne, me ke sa faifai ya bambanta da ɗan'uwansa?

Takardar kiɗa tana faɗin sautin da za a kaɗa da tsarinsa, amma ta bar abubuwa da yawa a hannun jagoran makaɗa. A kan babi na farko Copland ya rubuta a tafi a tsanake, kuma a kaɗa ba tare da ƙawa ba. To yaya tsanaken zai kasance? Wani jagora zai gama babin a minti 10, wani ya haura 11. Haka ma ƙarfi. Idan takarda ta ce a kaɗa da ƙarfi sosai a wurare biyar, jagora ne zai zaɓi wanda zai fi sauran, kuma wannan zaɓi shi ne ke gina kiɗan ko ya rusa shi.

Bayan jagora akwai makaɗan kansu, domin amon ƙahonin New York ba irin na Landan ba ne. Akwai zauren da aka ɗauki sautin, sannan akwai injiniya da inda ya kafa makirufo. Waɗannan huɗu ne ke haɗuwa a kunnen mai sauraro, kuma yawancin gardamar da ake yi kan faya-fayai ta samo asali ne daga ɗora wa jagora laifin injiniya, ko yaba wa jagora a kan aikin injiniya. An yi bayanin raba su a amsar da ta shafi ingancin sauti.

Me ya kamata a saurara a kowane babi?

Babi na farko yana buɗewa da goge da sarewa cikin sanyi, da sautuka masu tazara mai faɗi a tsakaninsu. Karin kiɗa uku ne a cikinsa, na ukun turombon ne ke shigo da shi da nauyi. Babin yana hawa ya kai ƙololuwa, ya sauko ya ƙare a hankali kamar yadda ya fara. Abin lura shi ne ko jagora ya riƙe wani ƙarfi a ajiye. Wanda ya zuba duk abin da yake da shi a nan zai isa babi na huɗu hannu wofi.

Babi na biyu mai sauri ne, kusan minti 8. Ƙaho ne ke buɗe shi da tsalle zuwa sama. A tsakiyarsa obo yana shigo da wani kari mai taushi, daga baya fiyano ya dawo da saurin. A nan ake gane ƙungiyar da ta ƙware, domin idan masu busa da masu ganga ba su faɗa kan bugu ɗaya ba, sai babin ya yi nauyi kamar ana jan sa.

Babi na uku shi ne ma'aunin gaskiya. Masu ƙananan goge ne ke fara shi su kaɗai, can sama, ba abin da ke tallafe da su, kuma abin da suke kaɗawa shi ne karin nan na turombon daga babi na farko da aka sauya masa kama. Duk wanda ya kauce daga sauti ko da kaɗan, za a ji shi. Daga nan sarewa ke kawo sabon kari, kiɗan ya yi ta sauyawa har ya zama kamar rawa, sannan ya lafa ya zarce cikin babi na huɗu ba tsayawa. Wannan mahaɗa ita ce wurin da ya fi dacewa a fara kwatanta kowane faifai biyu.

Babi na huɗu ya fi kowanne tsawo, minti 13 zuwa 14. Bayan busar buɗewa, obo yana fara wani kari mai gudu, sauran su kama. Can gaba sai wani sauti mai kaushi ya katse komai, masu ƙahoni suna karkaɗa harshe a cikin busa, sannan ƙaramar sarewa ta sake ɗinke zaren. A ƙarshe karin da ya buɗe babi na farko yana dawowa da cikakken ƙarfi.

Busar da ke farkon babi na huɗu ita ce Fanfare for the Common Man?

Ita ce, wato sananniyar gajeriyar busar Copland da sunanta ke nufin busar talaka, amma an sake mata zama. Copland ya rubuta ta a 1942 bisa roƙon Eugene Goossens, jagoran makaɗan Cincinnati, wanda ya nemi mawallafa kiɗa da dama su rubuta gajerun busa don ƙarfafa gwiwar jama'a a lokacin yaƙi. An fara kaɗa ta a Maris 1943. Sunanta ya biyo bayan jawabin da mataimakin shugaban Amurka Henry Wallace ya yi a 1942 kan ƙarnin talaka. Wanda ya saba jin kakaki da tambari suna sanar da fitowar sarki zai gane aikin irin wannan busa nan take, sai dai ita wannan talaka aka yi wa.

A asalinta ganga da babban faifan ƙarfe ne ke buɗe ta da tsawa. A cikin simfoni kuwa sarewa da kilarinet ne ke fara ta a hankali ƙwarai, daga cikin shirun da babi na uku ya bari, sannan ƙahoni da ganguna su karɓa. Faifan da ya yi gaggawa a wannan shigowa mai taushi, don ɗokin isa wurin ƙara, ya zubar da abin da ya fi kyau a kiɗan.

Da wane faifai ya kamata sabon mai sauraro ya fara?

Da na jagora Leonard Bernstein da makaɗan New York Philharmonic na 1966, wanda kamfanin Columbia ya ɗauka, yanzu yana hannun Sony. Tsarin kiɗan a fili yake a cikinsa, babi na biyu yana da kuzari, kuma mutum ba zai ɓata hanya ba a babi na uku. A saurare shi sau uku ko huɗu har a san inda kowane kari ke shigowa kafin a taɓa wani. Wanda bai riƙe faifai ɗaya a ka ba, ba shi da abin da zai auna na biyu da shi.

Na biyu ya kamata ya zama wanda ya yi nesa da na farko. Na Leonard Slatkin da makaɗan Detroit, wanda Naxos ya fitar a 2017, ya dace, saboda sautinsa na zamani ne kuma ƙarshensa ma daban ne, kamar yadda za a gani a gaba, a amsar da ta shafi yanke ƙarshen kiɗan.

Bernstein ya ɗauki kiɗan sau biyu. Mene ne bambancinsu?

Na biyun an ɗauke shi a 1985 wa kamfanin Deutsche Grammophon, da ƙungiyar New York ɗin dai, a gaban 'yan kallo. Shekara 19 ke tsakaninsu, kuma ana jin shekarun. Na 1966 yana tafiya gaba da zafi, kusurwoyin kiɗan a wase. Na 1985 ya fi faɗi da nauyi, yana ba kowace jimlar kiɗa lokacin numfashi, kuma babi na farko da na uku sun fi shiga jiki a cikinsa. Busar babi na huɗu ma ta fi kama da addu'a a nan, a can kuwa ta fi kama da shelar nasara.

A ganinmu na 1985 ya fi zurfi, na 1966 ya fi koyar da tsarin kiɗan. Ta fuskar sauti, na 1966 an kusantar da makirufo ga kayan kiɗa, don haka goge yana ɗan kaifi idan an kai sama. Na 1985 ɗaukar dijital ce, ganguna da tuba sun fi cika a cikinsa.

Copland da kansa ya jagoranci kiɗan a faifai. Ba nasa ne ya kamata ya zama ma'auni ba?

Ya yi haka sau biyu, duka a Landan: a 1958 da London Symphony wa kamfanin Everest, sai a 1976 da Philharmonia wa CBS. Suna da daraja ta musamman, domin suna nuna abin da mai kiɗan yake ji a ransa: tafiya kai tsaye, ba jan jimla, ba ƙarin gishiri. Wanda ya saba da Bernstein zai ji na 1958 ya fi siriri kuma ya fi sauri, kuma wannan darasi ne babba kan abin da Copland ke nufi da kaɗawa ba ƙawa.

Amma rubuta kiɗa sana'a ce, jagorantar mutum kusan ɗari wata sana'a ce daban. Copland ya shiga jagoranci sosai ne bayan ya manyanta, kuma a 1958 makaɗan Landan ba su saba da wannan kiɗa kamar na New York ba. Ana jin haka a wuraren sauri na babi na biyu da na huɗu, inda haɗuwar bugu ba ta kai tsaftar ta New York ba. Don haka a ɗauki faya-fayansa a matsayin shaida kan sauri da halin kiɗan, a nemi ƙwarewar hannu a wani wuri.

Ana cewa an yanke wani yanki daga ƙarshen kiɗan. Gaskiya ne?

Gaskiya ne. Bernstein ya jagoranci simfonin a Prague a 1947, ya rubuta wa Copland cewa ƙarshen ya yi yawa, lalle a gyara. A 1948 ya yanke wasu 'yan layuka daga rufewar babi na huɗu da kansa. Copland bai so ba da farko, daga baya ya amince, kamfanin Boosey & Hawkes ya shafe shekaru yana buga takardar kiɗan da yanken. Shi ya sa faya-fayan Bernstein biyu da mafi yawan waɗanda aka yi a ƙarni na 20 suke da gajeren ƙarshe.

Abin da aka cire bai kai minti ɗaya ba, amma ya faɗo a wurin da Copland ke tara karin da aka ji a baya yana ɗora su kan juna. Da yanken, kiɗan yana isa ƙarshe da sauri, a dunƙule. Ba tare da shi ba, hawan ya fi tsawo, kuma dawowar abin da ya buɗe simfonin ta fi zama da gindinta. Hanya mafi sauƙi ta jin wannan ita ce a haɗa faya-fayan Slatkin biyu: na St. Louis da RCA ya fitar, mai yanke, da na Detroit na 2017, cikakke. Jagora ɗaya ne, don haka bambancin rubutun ya fi fitowa. A saurari minti 3 na ƙarshe na kowanne a jere.

Mu mun fi karkata ga cikakken ƙarshe, da sharaɗin jagora ya yi tattalin ƙarfi tun daga babi na farko. Idan bai yi ba, ƙarin layukan sai su zama ƙara a kan ƙara, kuma a nan ne za a ga Bernstein yana da hujjarsa.

A aikace, yaya ake kwatanta faifai biyu?

Kada a saurari minti 43 na wannan sannan minti 43 na wancan a ce an kwatanta. Kunne ba ya riƙe launin sauti tsawon haka. A zaɓi yanki na minti 1 zuwa 2, a ji shi a faifai na farko, a ji shi nan take a na biyu, sannan a koma na farko. Komawar tana da muhimmanci, domin abin da aka ji daga baya yakan yi kamar ya fi kyau.

Kafin komai a daidaita ƙarfin murya. Faifan da ya fi ƙara ko da kaɗan zai yi kamar ya fi cika da armashi. A yi daidaitawar a wuri mai matsakaicin ƙarfi, kamar karin obo na tsakiyar babi na biyu, ba a wurin tsawa ba. Sannan a riƙa tambaya ɗaya a kowane zagaye: wannan karon sauri kawai, karo na gaba waɗanne kayan kiɗa ne ke fitowa, na gaba kuma yadda ake ƙare jimla. A rubuta minti da daƙiƙa a takarda, domin wuri ɗaya ba ya faɗowa a lokaci ɗaya a faifai biyu.

Wurare biyar sun isa su bayyana halin kowane faifai: minti 2 na farkon simfonin, shigowar turombon a babi na farko, buɗewar babi na uku, mahaɗar babi na uku da na huɗu har zuwa shigowar ƙahoni, da rufewa. Bayan an gama wannan sai a saurari kowanne daga farko zuwa ƙarshe a rana daban, domin akwai faifan da ke burgewa yanki-yanki amma ba ya haɗuwa ya zama tafiya ɗaya.

Yaya za a raba ingancin sauti da ingancin kaɗawa?

Faya-fayai biyu na ƙungiya ɗaya suna koyar da wannan. Antal Doráti ya ɗauki simfonin a 1953 da makaɗan Minneapolis wa kamfanin Mercury, a mono, wato sauti mai hanya ɗaya, a zamanin da kamfanin ke ɗaukar dukan ƙungiya da makirufo ɗaya tak. Wannan ƙungiya ce aka sauya wa suna zuwa Minnesota Orchestra a 1968, kuma ita ce Eiji Oue ya jagoranta a faifan Reference Recordings na 2000, wanda masu son tsaftar sauti ke gwada lasifikarsu da shi saboda yadda babbar ganga ke girgiza ɗaki. A na Doráti komai daga wuri ɗaya yake fitowa, ƙasan sautin siriri ne, amma bugun yana da kaifi da tsari. A na Oue ana jin faɗin zaure da zurfinsa, tafiyar kuma ta fi natsuwa.

Ƙa'idar ita ce: sauri, haɗuwar bugu, daidaiton sauti da yadda ake numfasa jimla na jagora da makaɗa ne. Amsa-kuwwar zaure, nisan kayan kiɗa da nauyin ganga yawanci na injiniya ne. Wurin da ake ruɗewa shi ne fitowar kaya masu ƙaramar murya. Idan ana jin haf da selesta tar a tsakiyar tsawar ƙahoni, da wuya hakan ya zama hikimar jagora, an dai kafa musu makirufo nasu ne. Na Yoel Levi da makaɗan Atlanta na kamfanin Telarc, na 1989, shi ma yana cikin masu faɗin sauti, kuma ya dace a jera shi da na Oue.

Za a iya yin wannan kwatance a waya?

Za a iya, amma ba da lasifikar wayar ba, domin ba ta fitar da tuba, manyan goge da babbar ganga, kuma buɗewar babi na uku za ta ɓace a cikin hayaniyar ɗaki. A nemi hedifon mai rufe kunne da wuri mai shiru. Tazarar da ke tsakanin mafi taushi da mafi ƙara a wannan kiɗa babba ce, don haka wanda ya ƙure murya don jin gogen babi na uku zai sha wuya idan ƙahoni suka shigo. A saita murya a wurin ƙara tukuna, a bar ta haka.

Game da data, simfoni na minti 43 yana cin kusan MB 40 a MP3 mai 128, kusan MB 100 a mai 320, kusan MB 450 a cikakken ingancin CD, tsarin FLAC, mai matse fayil ba tare da rage inganci ba, kuma yana rage wannan zuwa wajen rabi. Mai 320 ya isa ga kusan duk abin da aka ambata a nan. Mai 128 yana lalata amon faifan ƙarfe da saman goge. Saituna biyu ne ke ɓata wannan kiɗa a manhajoji irin su Spotify. Na farko mai daidaita ƙarfin waƙoƙi, wanda zai iya ɗaga babi na uku ya danne na huɗu, sai a kashe shi. Na biyu tsaiko tsakanin waƙa da waƙa, wanda ke datse mahaɗar babi na uku da na huɗu da aka yi maganarta a baya, sai a kunna saitin da ke haɗa su ba tsayawa. A YouTube kuma a kula, sau da yawa ba a rubuta shekarar ɗauka ba.

Me ya sa ake ganin faifai ɗaya da bango daban-daban da shekaru daban-daban?

Kamfanoni suna sake fitar da tsohuwar ɗauka bayan sun gyara sautinta. Shekarar da manhaja ke nunawa yawanci ta sake fitarwa ce. A duba sunan kamfani: Bernstein a Sony ko Columbia na 1966 ne, Bernstein a Deutsche Grammophon na 1985 ne, komai shekarar da aka rubuta a bango. Idan tsawon babi huɗun ya zo daidai da bambancin daƙiƙa biyu ko uku, ɗauka ɗaya ce.

Tsawon lokaci ma yana yaudara ta wata hanyar. Faifai biyu za su iya gama babi na huɗu a tsawon lokaci iri ɗaya, alhali ɗaya ya ja busar buɗewa ya yi gudu a tsakiya, ɗayan ya yi akasin haka. Wasu kuma suna raba babi na uku da na huɗu a wurare daban, ko su haɗa tafin 'yan kallo cikin lissafi.

Bayan wannan, wane simfoni na Amurka ya dace a gwada wannan hanya a kansa?

Simfoni na Uku na Roy Harris, wanda Koussevitzky ya fara kaɗawa a Boston a 1939, babi ɗaya ne da bai kai minti 20 ba, don haka kwatanta shi ya fi sauƙi. Shi ma Bernstein ya ɗauke shi sau biyu, kuma Neeme Järvi ya haɗa shi da na Copland a faifai ɗaya na kamfanin Chandos da makaɗan Detroit.

Sai Negro Folk Symphony na William Dawson, baƙar fatar Amurka da ya daɗe yana koyarwa a kwalejin Tuskegee da ke jihar Alabama. Leopold Stokowski ya fara kaɗa shi a Philadelphia a 1934. Dawson ya ziyarci ƙasashen Afirka ta Yamma a farkon shekarun 1950, ya saurari makaɗansu, ya koma ya sake fasalin bugun simfonin da sashen gangunansa. Wannan gyararren rubutu ne Stokowski ya ɗauka a 1963, kuma shi ne a faifan Järvi da Detroit da na Yannick Nézet-Séguin da makaɗan Philadelphia. A jera ukun a babi na ƙarshe, a bi masu ganga kaɗai a zagaye na farko, sannan a koma a ji yadda masu busa ke hawa kan bugunsu.